Kayan Hukuma Kayanku Ne: A Tashe Su Su Yi Aiki

Wannan shi ne jawabin da jagoran ƴan takararmu na kansila ya yi gaban jama'ar bakin iyaka, manoma da makiyaya da ƴan kasuwa da direbobi, game da zaɓen ranar Lahadi 13 ga Disamba 2020. Mun rubuta shi yadda ya faɗe shi, inda ya sako Faransanci mun mayar da shi Hausa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, ƴan uwana matasa, da ku baƙinmu da kuka baro ƙauyuka tun da safe, ina gaishe ku, ina gode muku. Na san lokaci ne na kai amfanin gona kasuwa da fara aikin rani, kowa ya baro abin yi. Ba zan ɓata muku yini ba.

Kwanakin nan kun sha jin alkawari. Wani ya zo ya ce zai kawo muku kwalta, wani ya ce asibiti, wani ya ce masana'anta. Ni yau maganata ta fi waɗannan ƙanƙanta a ido. Zan yi muku maganar tsofaffin motoci, da injuna, da teburan ƴan makaranta, da duk kayan da ke jibge bayan katangar ma'aikatun magajin gari, rana na dukansu, ruwa na dukansu. Na zaɓi wannan magana saboda abu ne da kansila yake da ikon yi da hannunsa, ba sai ya jira Yamai ba. Kuma abu ne da ku kanku za ku iya zuwa ku gani da idonku, ku san ko mun cika ko mun saɓa.

Abin da na gani

A damanar da ta wuce na shiga harabar wata ma'aikatar magajin gari neman takarda. Ba zan faɗi sunan garin ba, don ban zo tozarta kowa ba. Ina jiran mai sa hannu, sai na zaga baya. Na tarar da tifa an ɗora ta kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Awaki na kwance ƙarƙashinta suna shan inuwa, kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba. Na tambayi mai gadi me ya same ta. Ya ce famfon mai ne ya lalace, aka ce za a sayo, ba a sayo ba. Daga baya aka ari tayoyin, batir ya bi su, fitilu suka bi batir. Gefenta akwai injin ban ruwa guda biyu da ba a taɓa fitarwa daga akwatinsu ba. Cikin wani ɗaki kuma teburan makaranta ne tuli har rufi, wasu katako ɗaya kawai ya fita, wasu walda ɗaya suke jira.

A makon nan ɗin na je ta'aziyya a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da su. Ruwa ya cinye hanyar da ke shiga kasuwa, sun ɗauki hayar tifa wajen wani ɗan kasuwa da tsada don a zuba tsakuwa. Wata unguwa ruwa ya kwanta har cikin ɗakuna, mata na kwashewa da bokiti da kwano. Injin da zai zuƙe ruwan nan cikin yini ɗaya yana nan kulle a akwati, tafiyar da ba ta kai ta hantsi ba. Waɗannan ba su san akwai shi ba. Waɗancan ba su san ana nemansa ba. Ko da sun sani ma, babu takardar da ta nuna yadda za a ba da shi da yadda za a karɓo shi.

Na san da yawanku kun ga irin wannan. Direbobi sun fi kowa sani, don su ke bin garuruwa.

Yaya aka yi kayan suka taru?

Hanyoyi da yawa ne. Wasu an saye su da kuɗin ƙaramar hukuma. Wasu gwamnati ta aiko. Wasu ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara suka bari da wa'adinsu ya ƙare. Wasu kuma kyauta ce daga biranen Turai da suka ƙulla abota da garuruwanmu. Mai kyauta yakan ba da abin da yake da shi, ba lalle abin da kake bukata ba. Shi ya sa za ka ga gari ya samu motar kwasar shara guda biyu alhali tankar ruwa yake nema, wani kuma ya samu tanka alhali yana da famfo, tarakta ce damuwarsa.

Sannan ana karɓar mota da biki da kiɗa, amma ba a ware kuɗin gyaranta cikin kasafin shekara. Ranar da ƙaramin abu ya lalace, ranar ta mutu ke nan. In aka canza magajin gari, sabon yakan ɗauki kayan tsohon kamar ba nasa ba, ya fi son ya sayo sabo a ce shi ya kawo. Daga ƙarshe a ce kaya sun tsufa, a yi gwanjonsu a ɓoye, wanda ke kusa da masu iko ya saye da araha, ya sa makanike ya tashe su cikin mako biyu, ya dawo yana ba hukumar da ta sayar masa haya. Wanda bai taɓa jin irin wannan labari ba ya ɗaga hannu in gani.

Akwai kuma wani dalili da ya kamata a faɗa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a watan Yuli na 2004. An yi na biyu a watan Janairu na 2011. Wa'adin kansila shekara biyar ne, ke nan tun 2016 ya kamata a dawo gabanku. Aka yi ta ɗagewa, ana ƙara wa'adi, har yau kusan shekara goma. Wanda ya san ba za a tambaye shi ba, me zai sa ya ƙirga kayan da aka damƙa masa? Masu mulki ne suka ɗage zaɓen nan, su ya kamata su amsa wannan tambaya.

Wa ke biya?

Akwai maganar da muka saba yi, wai kayan gwamnati ba su da mai su. Ƴan uwa, suna da mai su, kuma ku ne. Lanhon da mai gari ke bi gida gida yana karɓa, a ƙauyuka da yawa dala 140 ne kan kowane mai biya, wato sefa 700. Ku yi lissafi tare da ni. Kafin a tara miliyan ɗaya, sai mutum kusan 1,430 sun biya. Kafin a tara miliyan goma, sai mutum kusan 14,300. Sabuwar tifa kuwa ta wuce miliyan goma nesa ba kusa ba. In aka bar irin wannan mota ta ruɓe saboda famfon mai, gumin garuruwa nawa aka zubar? Ga kuɗin tikitin kasuwa da mai tallan ƙosai ke biya, ga na tasha, ga na kara da ake karɓa kan kowane rago da kowane sa. Ko abin da aka ba mu kyauta, da sunanku aka roƙo shi, da talaucinku aka yi hujja.

Kuma kun fi ni sanin halin da ake ciki. Tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta. Ɗan Isa, Maraɗi, Ƙonni, Magarya, Matamai, duk garin da ke cin abinci da iyaka ya ji a jikinsa. Ciniki ya ragu, tasha ta yi sanyi, abin da ke shiga asusun ƙananan hukumomi ya ragu tare da su. Kayan gyaran mota da muke samowa Katsina da Kano sun yi tsada. Bana cutar korona ta ƙara nata. Duk ɗan takarar da ya ce muku da hawansa zai sayo sababbin motoci, ku tambaye shi da wane kuɗi. Gidan da hatsi ya yi ƙaranci, kafin a tafi neman bashi sai an fara duba abin da ya rage a rumbu.

Abin da rashin kayan aiki ke jawowa

Wannan magana ta shafi rai. A watan Yuli na 2018 cutar amai da gudawa ta ɓulla a yankin Madarunfa, ta bazu zuwa wasu wurare, ta kama mutane fiye da 3,000 a ƙasar nan. Likitoci sun faɗa mana inda take samun ƙarfi: gurɓataccen ruwa, da bola, da magudanun da suka toshe. A irin wannan lokaci tankar ruwa ɗaya da motar shara ɗaya suna tsare rayuka kamar yadda magani ke tsarewa.

Bana kuma damana ta zo da ambaliya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Gidaje sun faɗi, gonakin bakin gulbi sun nutse, hanyoyi sun yanke. Ga ƴan uwanmu da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, mun karɓe su, mun raba ruwa da likita da makaranta da su. Bukata ta ƙaru, kayan aiki ba su ƙaru ba.

Ku tuna mace mai naƙuda da aka ɗora a amalanke da tsakar dare, alhali akwai motar ɗaukar marasa lafiya a garin gaba da ke jiran batir. Ku tuna yaranmu da ke zaune a ƙasa cikin ajin zana suna rubutu a kan gwiwa, alhali tebura na can a kulle gara na ci. Waɗannan su ne mutanen da nake magana dominsu.

Doka ta ba mu dama

Kada wani ya ce muku doka ta hana. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na watan Satumba 2010 ya yarda ƙananan hukumomi su haɗa kai su yi aikin da ya shafe su tare. Majalisar kansiloli ce ke yanke shawara a kan dukiyar ƙaramar hukuma, magajin gari ya aiwatar, wakilin gwamnati ya duba ko an bi ƙa'ida. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. An miƙo nauyi, amma kuɗin ɗaukarsa bai biyo shi yadda ya kamata ba. Akwai hukumar ANFICT da aka kafa tun 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, sai dai abin da ke isowa bai kai bukata ba. Za mu ci gaba da neman haƙƙinmu a Yamai. Kafin ya zo, ba za mu naɗe hannu ba.

Ku ɗauki gundumar Madarunfa misali. Ƙananan hukumomi shida ne: Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma. Gulbi ɗaya ke ratsa yawancinsu, kasuwannin juna suke ci, auren juna suke yi. Ba kowace ce ke bukatar katafila tata ta kanta shekara zagaye ba. Gyaran hanya na ƴan makonni ne, sauran watanni injin na kwance. In shida suka haɗa abin da suke da shi, kowace za ta samu abin da ita kaɗai ba ta iya saye. Haka lissafin yake a Magarya, haka yake a Ƙonni.

Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun gaji gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya yau, gobe su koma ta wani. Mata na da adashi. Ƴan uwanmu Fulani na da haɓɓanaye: a ba ka aron karsana, ka kiwata, ta haihu, ka riƙe ƴaƴan, ka mayar da uwar ga mai ita. Saniyar ba ta ragu ba, gidanka ya tashi. Abin da talaka ya iya tun kaka da kakanni, me zai hana hukumarsa ta iya?

Abin da za mu yi in kun ba mu

Na farko, ƙidaya. Cikin wata uku na farko za mu ƙirga duk abin da ƙaramar hukuma ta mallaka, daga tifa har kujera. Masu ƙirgar za su haɗa da kansila na masu rinjaye da na marasa rinjaye, da wakilin sarki, da wakiliyar mata, da wakilin matasa, da makanike na gari wanda kowa ya sani. Za a kasa kayan uku: mai aiki, mai gyaruwa, da matacce. Kowane za a rubuta masa lamba da fenti a jiki. Za a manna takardar a ƙofar ma'aikata, a karanta ta da Hausa a gidan rediyon karkara.

Na biyu, littafi ɗaya tsakanin maƙwabta. Za mu kai wa sauran magadan gari na gunduma takardarmu, mu ce ga abin da muke da rara, ga abin da muke nema, ku kawo taku. Magatakardan kowace ma'aikata ya riƙe kwafi. Yau kowa na da waya, hoton inji ɗaya a WhatsApp ya isa maƙwabci ya san akwai shi.

Na uku, yarjejeniya a rubuce, wadda majalisar kowane ɓangare za ta amince da ita a zamanta, a aika wa wakilin gwamnati. Hanya uku ce: aro na kwanaki, musaya, ko mallakawa gaba ɗaya in mai kaya ba shi da sauran bukata. Sharuɗɗan a fili suke. Mai aro shi ke zuba mai. Inji na tafiya da direbansa, don shi ya san halinsa, mai aro ya biya shi kuɗin abinci da kwana. Kafin a fita makanikai biyu su duba, na mai kaya da na mai aro, su sa hannu. In an dawo su sake dubawa. Wanda ya ɓata shi ke gyarawa.

Na huɗu, asusun gyara. Duk kwanan da babban inji ya yi a hannun maƙwabci, za a biya wani abu da bai kai hayar ɗan kasuwa ba. Kuɗin zai shiga hannun ma'ajin ƙaramar hukuma da rasit, cikin layin kasafi da aka keɓe wa gyara kaɗai. Ba za a taɓa shi don taro ko tafiya ko tarbar baƙi ba. Ta haka motar da ke aiki za ta riƙa sayen tayarta da kanta.

Na biyar, jeri. Da an gama girbi za a zauna a tsara wanda zai fara da wanda zai biyo, in an kasa daidaitawa a jefa ƙuri'a a gaban kowa. Yasar magudanu da gyaran kwalbati a gama su kafin ruwan farko. Abu uku ne kawai za su karya jeri: ambaliya, gobara, da annoba. Inda ɗayansu ya faɗa, can kaya za su nufa, ko wane ne ke riƙe da su.

Na shida, gwanjo a bainar jama'a. Ba za a sayar da komai ba sai an yi wa maƙwabtan ƙananan hukumomi da makarantu da gidajen likita tayi, an jira kwana 60. In babu mai so, a yi shela a rediyo da kasuwa, a sayar da rana tsaka ga wanda ya fi tayi. Magajin gari da kansiloli da mutanen gidajensu ba za su saya ba. Motar da ta mutu murus za a cire abin da ke da amfani a jikinta a tashi ƴar uwarta da shi, ƙarfen da ya rage a auna a sayar wa maƙera.

Na bakwai, ƙananan kaya. Tebura, kujeru, kabad, allunan hasken rana, kwamfutar da za ta taimaka wajen fitar da takardar haihuwa, baro da shebur. Gyaran waɗannan aikin masu walda ne da kafintocin garinmu, tare da yaran da ke cibiyoyin koyon sana'a. Kuɗin gyara ya tsaya a gari, yaro ya koyi aiki a kan abin gaske, ƙanensa ya tashi daga ƙasa ya hau tebur.

Akwai kayan da ke harabar ma'aikatu amma ba na ƙaramar hukuma ba ne, na wata ma'aikatar gwamnati ne ko na wata ƙungiya. Waɗannan ba mu da ikon taɓa su kai tsaye. Za mu rubuta wa masu su mu nemi izini, mu kuma gaya muku amsar da suka bayar, ko shirun da suka yi.

Tambayoyin da ake yi mini

Wani dattijo ya ce mini, ɗana, ai kayan aro ba ya rufe katara. Na ce gaskiya ne, baba. Aro ba zai hana mu neman namu ba. Amma kuɗin da muke zubawa a haya kowace shekara, in ya tsaya a asusu, shi ne zai taru har wata rana mu sayi namu ba tare da bashi ba.

Wani ya ce, in kun ba da, za a lalata muku. Na ce a zaune ma lalacewa yake yi, kuma babu wanda za a kama. Injin da ba ya aiki roba na bushewa, tsatsa na ci, ɓarayi na zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fita da takarda da direbansa, an san hannun da yake, an san wanda zai biya.

Wani ya ce, in wata jam'iyya ce ta ci a ƙaramar hukumar da ke kusa fa? Na ce ruwan gulbi in ya taso ba ya tambayar katin jam'iyya. Matar da ke naƙuda a can, wataƙila ƴar wani ce a cikinku aka kai aure. Za mu miƙa hannu ga kowane magajin gari, ko na masu mulki ne. In ya karɓa, jama'a sun amfana. In ya ƙi, za mu karanta takardar da muka aika masa a rediyo, mutanensa su tambaye shi dalili.

Wani matashi kuma ya ce, wannan ai ƙaramar magana ce, mu aikin yi muke nema. Na ce ƙanena, tifa ɗaya in ta tashi, direba ya samu, yaron mota ya samu, masu loda yashi sun samu, mai faci ya samu, mai sayar da abinci a bakin aiki ta samu. Hanya in ta gyaru, mai tumatir da mai rake da mai zogale sun kai kasuwa kafin kaya su lalace. Wanda bai iya riƙon ƙaramar amana ba, kada ku ba shi babba.

Abin da ban yi alkawari ba

Ban ce duk motar da ke kan duwatsu za ta tashi ba. Wasu sun wuce gyara, wasu kayan gyaransu ba a samunsu a nan. Ban ce wannan shiri zai kawo kwalta ko ya kori ƴan bindiga ba, waɗannan nauyin gwamnatin ƙasa ne, kuma za mu ci gaba da matsa mata. Ban ce maƙwabta duka za su yarda rana ɗaya ba. Abin da na ɗauka a wuyana shi ne ƙidaya, da bayyana ta, da tayin haɗin kai a rubuce, da rufe ƙofar gwanjon ɓoye. Waɗannan huɗu ba sa bukatar kuɗi mai yawa, gaskiya suke bukata.

Ga yadda za ku kama mu. Majalisar ƙaramar hukuma na zama na ƙa'ida duk wata uku, kuma jama'a na da damar shiga su saurara. Sarakunanmu na da kujera a ciki. Ku adana wannan takarda. Bayan wata uku da rantsar da mu, ku zo ƙofar ma'aikata. In ba ku ga jerin kaya a manne ba, ku fito da takardar nan ku nuna mini a gaban mutane. Ga masu riƙe da ma'aikatun yanzu kuma, ba mu zo da ƙiyayya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma ranar miƙa aiki za mu karɓa da ƙirge, abu ɗaya ɗaya.

Ranar Lahadi 13 ga Disamba

Ku tuna, ba ku ke zaɓen magajin gari kai tsaye ba. Ku ke zaɓen kansiloli, su kuma su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Saboda haka kowace kujera na da nauyi, kuma kujera na iya kuɓucewa da ƙuri'u kaɗan. In ba mu samu rinjaye ba, wannan shiri zai tsaya a takarda. A ranar kuma za a zaɓi ƴan majalisar jiha, kada ku manta da su.

Wanda bai karɓi katin zaɓensa ba ya je ya karɓa tun yau. Ku fita da sassafe. Maigida ya bar iyalinsa su fita, matasa su taimaki tsofaffi. Ku duba alamar jam'iyyarmu da ke bayan wannan takarda, ku riƙe ta a ido. Wanda ya ba ku sabulu ko atamfa ko jikka, ku tuna cikin rumfar zaɓe daga ku sai Allah, kuma sabulu na ƙarewa a mako, wa'adi kuwa shekara biyar ne. Bayan an rufe, wakilanmu za su tsaya har a ƙirga, a ba su takardar sakamako. Ba zagi, ba faɗa, ba jifa. Wanda ke wata jam'iyya ɗan uwanku ne, gobe a masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya za ku haɗu.

Kafin ranar, ina roƙon kowa abu ɗaya. In hanya ta bi da kai ta ma'aikatar magajin garinku, ka leƙa bayan katanga, ka ƙirga abin da ka gani, ka zo ka gaya wa mutanen gidanku.

Allah ya ba mu zaman lafiya a iyakarmu da ƙasarmu baki ɗaya. Allah ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa mu ga ranar zaɓe lafiya, mu rabu lafiya.